Mililita 20 a kowace lita: Yadda dokar jarka da tsadar fetur ke cinye ƙananan injuna a Sabon Birni da Isa

Duk lokacin da aka yi maganar man fetur a gabashin jihar Sakkwato, wuri biyu hankali ke tafiya: baburan 'yan bindiga, da jarkokin da ake tsallakawa da su Jamhuriyar Nijar. A kan waɗannan biyun aka gina kusan duk dokokin sayar da mai a yankin tun daga 2019. Amma akwai mai shan fetur na uku da ba a cika sa shi a lissafi ba, alhali kuwa shi ya fi jin jiki, wato ƙaramin injin da ba ya iya kai kansa gidan mai.

Shi ne ɗan janaretan mai cajin waya da na mai aski da na mai shagon magani. Shi ne injin feshi na goyo da manomi ke shiga gona da shi, da zarton inji na masu yankan itace, da injin yankan ciyawa, da ƙaramin famfon ban ruwa mai bakin inci ɗaya a fadamun gulbin Rima da Bunsuru. A garuruwan da wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, a kan waɗannan injuna sana'o'i da yawa suke tsaye. Akasarinsu kuma nau'i ɗaya ne: inji mai bugu biyu, wanda ake haɗa masa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya.

Injin da ba shi da rumbun mai

Injin mota, da na babur ƙirar Bajaj Boxer, da na babban famfon ban ruwa duk masu bugu huɗu ne. Suna da wurin zuba baƙin mai daban, man yana zagayawa yana shafe ƙarafa, ya koma mazauninsa, sai lokacin juye ya yi a canza shi. Mai bugu biyu ba shi da wannan rumbun. Fetur ɗin da ya fito daga kafireto yana fara ratsa cikin injin ne ta ƙarƙashin fistin kafin ya hau sama ya ƙone, kuma ɗan baƙin man da aka gauraya a cikinsa shi kaɗai ne ke shafe fistin da ringi da boris. Yana gama shafewa ya ƙone tare da fetur, shi ya sa salansar irin wannan inji ke fitar da shuɗin hayaƙi.

Ke nan ran injin yana hannun wanda ya yi haɗin. Ɗan janaretan nan da ake kira Tiger, mai lamba 950, kashi 50 na fetur ne da kashi ɗaya na baƙin mai aka tsara masa. A aikace, mililita 20 ke nan a lita ɗaya, 80 a galan mai lita huɗu, 100 a lita biyar. Kamfanin Stihl mai ƙera zarton inji shi ma 50 da ɗaya yake cewa, muddin man nasa ne ko makamancinsa. Injunan feshi da na yankan ciyawa da yawa da ke zuwa daga China kuma 25 da ɗaya aka rubuta a takardunsu, wato mililita 40 a lita, ninki biyu na na farkon. Duk wanda ya ɗauki awon wannan ya kai wa wancan ya fara cutar da injinsa tun kafin ya ja igiya.

Mililita 20 bai wuce cokalin cin abinci ɗaya da sulusi ba. Awo ne da bai yarda da “kamar haka” ba. Kuma ba a iya yin sa daidai sai an san adadin fetur ɗin da ke hannu. Nan ne siyasar tsaro ta shigo cikin tankin ɗan janareta.

Daga famfo zuwa kwalba

A watan Nuwamba na 2019, lokacin da gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, Hukumar Kwastam ta hana kai fetur gidajen man da ke cikin tazarar kilomita 20 daga kan iyaka. Ƙaramar hukumar Sabon Birni tana iyaka da jihar Maraɗi, don haka ƙauyukanta na arewa sun faɗa cikin wannan da'ira. Manufar ita ce hana fasa-ƙwaurin man da gwamnati ke biya wa tallafi. Sai dai mazauna wuraren ba su daina buƙatar mai ba. Abin da ya sauya shi ne wanda ke sayar musu.

Sannan a farkon Satumban 2021 gwamnan lokacin, Aminu Waziri Tambuwal, ya sa hannu a dokar daƙile matsalar tsaro, kamar yadda takwarorinsa na Zamfara da Katsina suka yi a ranakun. Dokar ta rufe hanyar Marnona zuwa Isa, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama har da Isa da Sabon Birni, ta hana sayar da fetur a jarka a gidajen mai, ta kuma ƙayyade cewa a yankunan da abin ya shafa wasu zaɓaɓɓun gidajen mai ne kawai za su sayar, kuma kada ya wuce na naira 5,000 ga abin hawa ɗaya. Cikin watan aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar.

Babu mai hankalin da zai ce matakin ba shi da dalili. Yankin ne aka kashe mutum fiye da 70 a rana ɗaya a ƙauyukan Sabon Birni a watan Mayun 2020. A Disamban 2021 kuma aka ƙone matafiyan da suka taso daga Sabon Birni a cikin motarsu a kusa da Gidan Bawa. Maharan a kan babura suke zuwa, babur kuma ba ya tafiya sai da mai. Toshe musu hanyar mai dabara ce da kowa zai iya fahimta.

Matsalar ita ce dokar ta ɗauka duk mai buƙatar fetur yana da taya. Mai mota zai tuƙa ta zuwa famfo, mai babur ma haka. Mai injin feshi fa? Mai famfon da ke bakin gulbi, tafiyar sa'a guda daga gari? Abin da ya rage masa shi ne ya ɗauko injin ko tankinsa a ka ya kai gidan mai, ko ya roƙi ɗan acaɓa ya cika tanki a zuƙe masa da tiyo, ko ya tafi wajen 'yan bumburutu. Na ukun ya fi sauƙi, kuma shi mutane suka fi bi. Ɗan bindiga da ke karɓar kuɗin fansa na miliyoyi zai sayi jarka ko nawa aka ce masa, kuma kamen masu kai musu mai da jami'an tsaro suka riƙa yi ya nuna hanyar ba ta taɓa toshewa gaba ɗaya ba. Wanda ba zai iya biyan kowane farashi ba shi ne mai cajin waya.

An sassauta wasu daga cikin matakan daga baya, layukan waya sun dawo. Amma kasuwar kwalba da ta samu gindin zama a lokacin ba ta tashi ba, domin mai gidan man da ya ga hanya ba ta da aminci ba ya gaggawar turo tanka.

Fetur na kwalba yana da illa uku ga mai bugu biyu, kuma ba dukansu ne ha'inci ba. Ta farko awo. Kwalbar da ake kira lita ba lallai ta cika lita ba. Wata ta santilita 75 ce, wata robar ruwa ce mai lita ɗaya da rabi da aka cika zuwa wuya. Idan ba a san yawan fetur ba, ba a san yawan baƙin man da ya dace ba. Ta biyu rana. A watannin Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato kan haura digiri 40, kuma fetur da ya yini a kwalba a kan tebur yana rasa sassansa masu saurin tashi, waɗanda su ne ke sa inji ya kama da wuri. Abin da ya rage kuma yana fara yin danƙo mai toshe ƙananan ramukan kafireto. Ta uku ruwa da datti daga jarkar da ta bi hannu biyar kafin ta iso.

Akwai tsohon zargin cewa ana gauraya kananzir. A da, lokacin da kananzir ke da tallafi, hakan na da riba. Yanzu da litar kananzir ta daɗe tana fin ta fetur tsada, mai yin haka asara zai tafka. Abin tsoron ya koma ruwa da sinadaran da ba a san asalinsu ba. A Fabrairun 2022 hukumar NMDPRA ta tabbatar da cewa an shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙima, wanda aka ɗauko daga tashar Antwerp ta Beljiyam, ya kuma lalata motoci a Legas da Abuja. Wannan ta babbar hanya ya shigo, da takardu da masu dubawa. Irin wannan sinadari yana jan ruwa, idan ya sha ya ƙoshi sai ya rabu da fetur ya kwanta a ƙasan tanki, baƙin man kuma ya zauna a sama tare da fetur. Bakin tiyo a ƙasa yake. Injin zai zuƙi abin da ba shi da maiƙo ko kaɗan, kuma 'yan mintoci sun isa fistin ya kama.

Inda ake tsimin da ba ya biya

A ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin mai a jawabinsa na kama aiki. Litar da ake sayarwa ƙasa da naira 200 ta koma 488 a gidajen man NNPC na Legas, 537 a Abuja. A Yulin shekarar ta kai 617 a Abuja, a Oktoban 2024 ta kai 1,030. Da tallafin ya tafi, tsarin daidaita kuɗin dako da ke sa farashin Legas da na Sakkwato su zo kusan ɗaya shi ma ya bi shi. Matatar Kaduna ta shafe shekaru ba ta tace mai, don haka tankar da za ta sauke a Isa daga bakin teku ta taso, kuma kowane kilomita da kowane shingen hanya yana cikin kuɗin litar. Ɗan bumburutu ya ɗora nasa a kai.

Faɗuwar darajar naira daga Yunin 2023 ta taɓa ɓangare na biyu na haɗin, domin man injuna da sinadaransa akasari shigo da su ake yi. To, mutumin da fetur ya riga ya cinye masa riba ina zai rage? Fetur ba ya raguwa, in babu shi inji ba ya tashi. Baƙin mai ne ake iya ragewa ba tare da an ga illa a ranar ba. Sai a rage awo, ko a bar man 2T da aka yi domin wannan aiki a koma wa na mota mai lamba 40, ko man durom da ake aunawa a gefen titi ba tare da suna ba, ko ma wanda aka juye daga wata motar.

Lissafin ba ya goyon bayan wannan tsimi. A ƙaddara litar fetur naira 1,000 ce, litar man 2T kuma a yi mata tsada a ce naira 6,000. Mililita 20 zai kama naira 120. Wanda ya raba awon biyu ya tsira da naira 60 a lita. A kan wannan sittin ɗin yake caca da fistin da ringi da silinda, da kuɗin bakanike, da kwanakin da shago zai yi a rufe ana jiran kayan gyara daga Sakkwato ko Kano ta hanyar da direbobi ke bi da addu'a. Garin neman ƙiba ake samo rama.

Man mota ba mugun mai ba ne, ba don ƙonewa aka yi shi ba kawai. Yana ɗauke da sinadaran wanke inji masu ƙarfe a ciki, waɗanda idan sun ƙone suke barin toka. Tokar ce ke taruwa a kan fistin, ta cika bakin fulogi, ta manne ringi a raminsa, ta rage faɗin ƙofar da hayaƙi ke fita. Injin zai riƙa rasa ƙarfi a hankali, mai shi ya ce tsufa ne. Man da aka juye kuwa ya zo da garin ƙarfe da ƙura daga injin farko, kamar a zuba yashi mai laushi ne a cikin boris. Shi kuma man durom marar suna sau da yawa tushen mai ne zalla da ba a sa masa komai ba, irin wanda hukumar SON ta sha kamawa ana ɗura shi a robobin kamfanoni. Man 2T na ƙwarai yakan zo da alamar JASO FB ko FC ko FD, ko API TC, a jikin roba. Alamar ba ta hana jabu, amma rashinta ya isa gargaɗi.

Akwai kuma kuskuren da ya fito daga kyakkyawar niyya. Wanda injinsa ya taɓa kamawa yakan koma zuba mai da yawa, a ganinsa gara ya yi yawa da ya yi kaɗan. Da gaskiyarsa ta wani ɓangare: ƙarancin mai yana kashe inji nan take, yawansa kuma a hankali yake yi. Idan ba a amince da ingancin man ba, matsawa daga mililita 20 zuwa 25 ko 30 ba laifi ba ne. Amma wanda ya tuttula ba awo zai yi ta sayen fulogi, salansa ta riƙa ɗigar baƙin ruwa, hayaƙi ya cika rumfa. Wasu ma suna kai wannan ɗabi'a kan babban famfon ban ruwa mai bugu huɗu, wanda ba ya buƙatar haɗi sam, su bar rumbun mansa na gaskiya ya yi baƙi ƙirin ba juye.

Hayaƙin ba ƙaramin zance ba ne. Shi ne dalilin da jami'an Kwastam suka bayar a 2015 lokacin da suka sanar da hana shigo da irin waɗannan ƙananan janaretoci da yawa don sayarwa. Haramcin bai kawar da su daga kasuwa ba. A wuraren da tsoron dare ke sa mutane shigar da komai cikin gida su kulle ƙofa, janaretan da aka tayar a zaure ko kusa da tagar ɗakin kwana yana fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, wadda ta sha hallaka iyali guda a barci a sassan Najeriya.

Ƙofar gas ba ta buɗe wa kowa ba

Bayan cire tallafi, manoman rani da masu janareta a jihohin Arewa da dama sun samo mafita: a canza kafireto, a haɗa tiyo da tukunyar gas ɗin girki. Dabarar ta yi aiki, ta kuma rage wa mutane kashe kuɗi. Amma a kan inji mai bugu huɗu take aiki, domin shi baƙin mansa yana zaune a rumbunsa ko da me ake ƙonawa. Mai bugu biyu fetur ne ke ɗauke masa da maiƙo. A cire fetur a sa gas, an cire maiƙon ke nan, sai dai a yi masa wata dabarar ɗiga mai daban, wadda ba ta cikin kayan canjin da ake sayarwa a kasuwa.

Wato injin da ya fi arha a saye, wanda shi talaka ya iya mallaka, shi ne wanda ba shi da hanyar gudu daga fetur. Mai hali ya koma gas ko ya sa faifan sola. Masu cajin waya da yawa sun bi sola, kuma ga sana'arsu ita ce amsar da ta fi dacewa, sai dai kuɗin batir da faifai a dunƙule ake biyansu, ba kwalba-kwalba ba. Injin feshi da zarto kuwa ba su da wannan zaɓin a ƙauye.

Ta ɓangaren iyaka ma lamarin ya juya. Shekaru da dama man Najeriya mai tallafi ne ke cika kasuwannin Maraɗi da Ƙonni. Da tallafin ya ƙare ribar fasa-ƙwaurin ta ragu, Kwastam kuma ta ƙaddamar da samamen da ta kira Whirlwind a 2024. A watan Maris na 2025 Nijar ta shiga ƙarancin fetur mai tsanani, domin matatar SORAZ ta Damagaram ba ta iya cike giɓin da man sumoga ya bari ba, har sai da aka tura tankoki daga Najeriya a hukumance. Hujjar tattalin arziki ta dokar kilomita 20 ta yi rauni ke nan, kuma tun 2023 'yan majalisar tarayya suka yi kira a ɗage ta. Hujjar tsaro ce ta rage, ita kuma tana nan da ƙarfinta.

Abin da ke hannun mai inji ba shi da yawa, amma ba shi da tsada. Sirinjin mililita 20 daga shagon magani ya fi duk wani murfin kwalba daidai, wasu ƙananan janaretocin ma suna zuwa da ɗan kofin awo a murfin tanki. Roba ɗaya da aka tabbatar lita ce a yi mata zane, a riƙa juye man ɗan bumburutu a cikinta kafin a haɗa. A bar shi ya ɗan kwanta a duba ƙasa, ruwa yana nuna kansa. A zuba baƙin mai a rabin fetur, a girgiza, a ƙara sauran, kuma a waje ake haɗin ba a cikin tankin inji ba. Kada a haɗa fiye da abin da za a ƙone a 'yan makonni. Stihl ma kwana 30 ya ƙayyade, a ƙasar da ba ta san zafin Gobir ba. A lokacin hunturu kuma soson tace iska na buƙatar wanki kusan kullum, don ƙurar da ta wuce shi tana haɗuwa da maiƙo ta zama abin goge ƙarfe.

Sauran yana hannun hukuma. NMDPRA tana duba famfo da defo, SON tana duba masana'anta da tashar ruwa, teburin kwalabe kuma ba na kowa ba ne, duk da cewa a nan mafi yawan ƙananan injunan yankin ke shan mai. Hanyar da ta fi kusa da hankali ita ce a bambanta jarka da jarka: a yi rajistar manoman rani da masu sana'a ta ƙungiyoyinsu, a ba kowa jarka mai lamba da adadin litar da zai saya a mako daga gidan mai da aka sani. Lita biyar ko goma a mako ba za ta ciyar da ayarin babura ba, amma za ta riƙe shagon caji ko kadada ɗaya ta albasa.

Irin wannan rajista tana buƙatar wanda ya san kowa a gari ya tsaya mata, kuma a al'ada hakimai da dagatai ne ke wannan aiki. A nan ne shawarar ke cin karo da halin da yankin ke ciki. Mai unguwar da ke riƙe da jerin masu izinin sayen mai ya zama mutumin da 'yan bindiga za su so su gani, ko su sa sunan nasu a jerin ko su hukunta shi. A Yulin 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato, a watan Agusta kuma aka kashe shi a hannun waɗanda suka kama shi. Duk wanda zai miƙa wa dagacin wani ƙauye a Sabon Birni ko Isa littafin rabon fetur, sai ya fara faɗa masa wanda zai kwana a ƙofar gidansa.